Kwana a Gadon Lilo Cikin Malka: Ruwa ta Igiya Yake Shiga

A birnin Kayen, hedkwatar Giyana ta Faransa, ruwan da ke sauka a watan Mayu kaɗai yakan haura milimetir 500, wato kwatankwacin abin da manomin Maraɗi ke samu tun daga ruwan shuka har zuwa girbin hatsi a damana matsakaiciya. A shekara guda kuwa, ma'aunin ruwan birnin yana wuce milimetir 3000. Giyana jaha ce ta Faransa tun 1946, tana cikin Amurka ta Kudu tsakanin Birazil da Surinam, kuma kurmi ya rufe fiye da kashi 90 bisa 100 na ƙasarta. Wanda ya zauna bencin lise zai tuna da ita ta dalilin Feliks Ebuwe, gwamnan Cadi a 1940, wanda aka haifa a Kayen a 1884.

Duk da wannan ruwa mai kama da bakin ƙwarya, kowane dare akwai masu kwana a tsakiyar kurmin Giyana, su wayi gari jikinsu a bushe. Cikinsu akwai mafarauta da masunta, akwai masu nazarin itatuwa, akwai kuma jandarmomi da sojoji masu fatattakar mahaƙa zinariya na ɓoye. Kayan kwanansu bai wuce gadon lilo da sange da tampol da ƴan igiyoyi ba. Abin da suka sani, wanda baƙo bai sani ba, shi ne ruwa ba kasafai yake huda rufi ya sauko ba. Ta igiya yake biyowa, ko iska ta koro shi ta gefe, ko kuma ya fito daga jikin mai barcin da kansa.

Asalin gadon

Gadon lilo ƙyalle ne ko raga mai tsawon kimanin metir 3, ana tattare bakinsa biyu a ɗaura tsakanin itatuwa biyu, mutum ya kwanta a ciki yana reto. Ƴan asalin Amurka ta Kudu da tsibiran Karayib su suka ƙago shi. A wurin kabilar Tayino Kiristof Kolomb ya fara ganinsa a 1492, kuma daga sunan da suke kiransa Faransawa suka samu kalmar “amak”. Daga baya jiragen ruwan Turai suka ɗauke shi ya zama makwancin matuƙa har tsawon ƙarnuka. A Birazil, fasinjan jirgin da ke bin kogin Amazon tsakanin Belem da Manawus yakan shiga da nasa a jaka, ya rataye shi, nan ne kujerarsa nan ne gadonsa na kwanaki.

Dalilin da ya sa mutanen kurmi suka zaɓe shi a bayyane yake. Ƙasar kurmi ba ta bushewa, ruɓaɓɓen ganye ya lulluɓe ta, tururuwa da kunama da maciji suna yawo a cikinta, kuma in an yi ruwa sai ta zama taɓo. Tanti mai shimfiɗa a ƙasa yakan koma kududdufi kafin tsakar dare. Shi ya sa cibiyar horar da sojoji a kurmi mai suna CEFE, wadda rundunar Lejiyon ta Faransa ta buɗe a 1987 kusa da garin Rejina a bakin kogin Apuruwag, take koya wa sojan da ya zo horo ɗaurin gadon lilo da tampol tun a kwanakinsa na farko.

A ɗaga kai kafin a sauke kaya

Ba a fafe gora ranar tafiya, haka ma ba a neman makwanci bayan hadari ya haɗu. Giyana tana dab da tsakiyar duniya, rana tana faɗuwa wajejen ƙarfe 6 da rabi kusan duk shekara, kuma a ƙarƙashin manyan itatuwa duhu yana riga wannan lokaci. Don haka matafiyan kurmi sukan yada zango tun da la'asar, da sauran haske.

Aikin farko shi ne duban sama. Manyan itatuwan Amazon saiwarsu ba ta nitsewa ƙasa sosai, domin abincin ƙasar yana sama-sama ne. In ƙasa ta jiƙe, iska ta kaɗa, icce mai tsawon metir 40 yakan kife, ya ja na kusa da shi ta hanyar kurangar da ta sarƙe su. Busasshen reshe da ya sha ruwa nauyinsa yana ƙaruwa, ya karye ba tare da sanarwa ba. Mutanen kurmi suna tsoron wannan fiye da damisa. Saboda haka ba a kwana ƙarƙashin mataccen reshe, ba a ɗaura igiya a iccen da gara ta ci ko wanda ya karkata.

Aiki na biyu duban ƙasa ne. Rafin da ake tsallakewa da ƙafa da maraice yana iya cika ya batse cikin dare, ko da ba a yi ruwa a wurin ba, in dai an yi shi a can sama. Duk wanda ya taɓa ganin yadda kwari ke tahowa da ruwa a Adar bayan hadarin da ya zuba nesa ya san wannan. Ana neman ɗan tudu, a bar bakin rafi da kwazazzabo. Sannan a zaɓi itatuwa biyu rayayyu, kowanne ya kai kaurin cinyar babban mutum, tsakaninsu metir 4 zuwa 5, wato taki shida ko bakwai.

Lissafin da ɗan kasuwa zai gane

Milimetir 1 na ruwan sama daidai yake da lita 1 a kan kowane murabba'in metir. Tampol mai metir 3 tsawo da 3 faɗi murabba'insa metir 9 ne. In aka yi ruwan milimetir 50 a dare ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a can, kusan lita 450 za su sauka a kansa, wato fiye da tano biyu masu lita 200. Kowace lita kilo guda ce. Tilas wannan ruwa ya sami hanyar wucewa nan take. In tampol ya yi ciki a wuri ɗaya, lita 20 za su taru a cikin ƴan mintoci, nauyin bido cike ke nan a rataye bisa kan mai barci. Daga nan ɗayan biyu: ko turke ya tuge, ko ɗinki ya ɓarke, ruwan duka ya kwararo cikin gado.

Maganin wannan shi ne gangara da ɗamewa. Ana miƙa wata igiya ta daban tsakanin itatuwan biyu, sama da ta gado, ita ce doron rufi. Tampol ya sauko ta gefe biyu kamar rufin kwano, a ja kusurwoyinsa huɗu a ɗaure ga turaku ko saiwoyi har ya zama ba tamoji ko ɗaya. In an buga shi da yatsa ya yi ƙara kamar fatar ganga, ya ɗamu. Sai dai tampol na nailan yana saki in ya jiƙe, saboda haka bayan ruwa ya fara da kimanin rabin sa'a akan fito a ƙara jan igiyoyin. Na foliyesta bai cika saki ba. Na zaren auduga mai kauri, irin na tsoffin tantunan soja, nauyinsa yakan ƙaru ƙwarai in ya sha ruwa, kuma duk inda aka taɓa shi daga ciki nan yake fara tsiyaya.

Tsawon tampol ma abin lura ne. Gado mai metir 3 in an rataye shi yakan mamaye kimanin metir 2 da rabi, kuma ana so rufi ya zarce kowane bakinsa da santimetir 30 zuwa 50. Mai ƙaramin tampol yakan juya shi ya ɗaura kusurwa da kusurwa, domin mai metir 3 da 3 tsakanin kusurwoyinsa masu fuskantar juna ya haura metir 4. Wannan dabara tana ƙara tsawo, amma tana rage kariya ta gefe, don haka ba ta dace da daren iska ba.

Igiyar ɗigo

Ga inda akasarin baƙi ke faɗawa. Mutum ya sayi tampol mai tsada, ya ɗame shi yadda ya kamata, ya kwanta yana jin ruwa na dukan rufi babu ɗigo ko ɗaya, amma wajejen ƙarfe biyu na dare ya farka ƙeyarsa da dugadugansa a jiƙe. Ya haska fitila sama, rufi lafiya lau. Sai ya ɗora laifi ga ɗan kasuwar da ya sayar masa da shi, alhali kuwa ɓarawon ta wata ƙofa ya shigo.

Kan icce kamar mazurari yake: ganye da rassa suna tara ruwa, wani kaso nasa yana gangarowa ta jikin kututture. A nan ya tarar da igiyar gado an naɗe ta a jikin iccen, tana kuma gangarawa zuwa gado. Ruwa yana manne wa zare yana bin sa, kamar yadda kananzir ke bin lagwanin fitila, balle ga gangara tana taimakonsa. Haka zai bi igiyar ya shige ƙarƙashin tampol, ya isa bakin gado, ƙyalle ya tsotse shi, ya taru a inda ya fi zurfi, wato ƙarƙashin bayan mai barci. Maɗauri mai faɗi, irin na ɗaurin kaya a kan mota, ya fi siririyar igiya jawo ruwa, ko da yake shi ya fi sauƙi ga ɓawon icce.

Maganin ɗan guntun zare ne, tsawon taƙi guda, ko igiyar takalmi ta isa. Ana ƙulla shi tam a jikin igiyar gado, a bar bakinsa yana lilo ƙasa. Ruwan da ya biyo igiya in ya iso ƙullin sai ya sami hanyar da ta fi tsaye, ya bi guntun zaren ya ɗiga ƙasa. Sharaɗi biyu ne a kansa. Na ɗaya, ƙullin ya matse sosai ya zagaye igiyar duka, domin in ya yi sako-sako ruwa zai ratsa ta ƙarƙashinsa. Na biyu, ya kasance a cikin inuwar tampol, tsakanin bakin rufi da bakin gado. In yana waje, ruwan sama zai sake jiƙa igiyar bayan ta wuce shi. Masu hankali sukan sa biyu a kowane gefe, na biyu ya tare abin da ya kuɓuce wa na farko. Zoben ƙarfe da aka haɗa igiya da gado da shi yana rage gudun ruwa, amma a ruwa mai ƙarfi ba ya wadatarwa shi kaɗai. Igiyar doron rufi ma, in ta bi ta ƙarƙashin tampol, tana buƙatar nata zaren ɗigo a baki biyu, in ba haka ba za ta yi ta ɗiga a fuskar mai barci.

Akwai gwaji mai sauƙi da ake yi tun da rana. A ɗauki buta a tsiyaya ruwa a hankali a kan igiyar, dab da jikin icce, a bi shi da ido. In ya sauka ta zaren ɗigo, aiki ya yi. In ya wuce ya taɓa ƙyalle, a kwance a sake ƙulli. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido.

Ɗaurin gadon kansa yana da ƙa'ida. Ana so igiya ta sauko daga icce da karkatar kimanin digiri 30. A wannan karkata, kowace igiya tana ɗaukar nauyi daidai da na mai kwanciya: mutum mai kilo 70, kilo 70 a kowane gefe. In aka ɗame gado ya miƙe har karkatar ta koma digiri 10, jan da ke kan kowace igiya ya kai kusan kilo 200, a digiri 5 kuwa kusan 400. Nan ne igiya ke tsinkewa, ko ƙaramin icce ya sunkuyo, tampol ya saki tare da shi. Tsakiyar gado ta tsaya daidai tsayin kujera in an zauna a ciki, kimanin rabin metir daga ƙasa, don kada tartsatsin ruwa da taɓo su kai gare shi. Ana kwanciya a ɗan karkace, kai a gefe ɗaya ƙafafu a ɗayan, a haka baya ke miƙewa.

Iska da zufa

Ruwan da ke sauka a tsaye ba shi da wuyar tarewa. Mai wuya shi ne wanda iska ta kwantar. Rufin gadon lilo a buɗe yake ta baki biyu, inda igiyoyi ke fita, saboda haka in bakin ya fuskanci iska ruwa zai ratsa daga kai har ƙafa. Ana zaɓen itatuwa ta yadda gado zai gitta wa iska, faffaɗan gefen tampol ya tare ta. Wannan gefe a sauke shi ƙasa sosai, ɗayan kuma a ɗan ɗage shi da sanduna biyu ya zama rumfa, wurin dafa shayi da sauya tufafi. A Giyana iskar ta fi busowa daga gabas da arewa maso gabas, amma a bakin kogi takan bi kwarin ruwa, don haka ido ya fi taswira.

To amma wanda ya rufe ko'ina ruf don tsoron ruwa ya faɗa wani tarkon. Danshin iskar kurmi da dare yakan haura kashi 90 bisa 100. Numfashi da zufar mutum suna tashi su taru a cikin tampol kamar yadda tururi ke taruwa a murfin tukunya, kuma duk lokacin da manyan ɗigo suka bugi rufi daga waje sai wannan raɓa ta fantsamo. Dole a bar tazarar kamu guda ko fiye tsakanin rufi da sange, a bar kuma kafa ta ƙasa inda iska za ta riƙa wucewa. Kada sange ya taɓa tampol, domin shi ma lagwani ne. Ya kamata kuma ya zagaye gadon har ƙarƙashi, saboda sauro yana iya cizo ta cikin siririn ƙyalle, ga shi zazzaɓin cizon sauro da na denge duk akwai su a yankin.

Mai karatu zai yi mamakin jin ana maganar sanyi a ƙasar da zafin dare ke tsayawa wajen digiri 22. Dalili shi ne ruwa yana janye ɗumin jiki kusan ninki 25 fiye da iska, kuma mai gadon lilo iska tana bi ta ƙarƙashinsa, bargon da ya danne da bayansa kuwa ba ya riƙe ɗumi. Gajiyayyen mutum mai jiƙaƙƙen tufafi yana iya kwana yana karkarwa, kuma in ɗumin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 hankali yakan fara gushewa, hannu ya kasa ƙulla igiya. Ƙafar da ta yini ta kwana a jiƙe kwanaki a jere tana yin fari, fata ta saɓule, tafiya ta gagara, a wurin da asibiti ke nesa da tafiyar kwanaki a kwalekwale.

Wannan ya sa sojojin kurmi ke bin doka ɗaya ba sassauci: tufafi kashi biyu ne, na rana da na dare. Na dare suna cikin leda a ƙulle, ba a sa su sai an shiga ƙarƙashin rufi an goge jiki, an shanya ƙafafu. Da asuba a tuɓe su a mayar cikin leda, a sake sa jiƙaƙƙun na jiya, komai rashin daɗinsu. Wanda ya ji ƙyuya ya fita da busassun, a daren ba shi da abin kwana. Mutanen Giyana sukan zuba irin wannan kaya a wani ɗan duro na roba mai murfin murɗawa da suke kira “tuk”, wanda ko kwalekwale ya kife ruwa ba ya shigarsa. Takalma ana kifa su a kan sanduna biyu a ƙarƙashin rufi, jaka kuma a rataye ta a bakin gado, bayan zaren ɗigo.

Tsarin aiki shi ma doka ne. Tampol ke saman jaka, shi ake fara ɗaurawa, sannan a fito da gado a inuwarsa. Da safe a naɗe komai a ƙarƙashinsa, shi ne na ƙarshen kwancewa, kuma a ɗaure shi a bayan jaka don kada ya jiƙa sauran kaya. Ruwan da ke zuba ta kusurwarsa in an bar na farko ya wanke rufin, ana tara shi a gora, ya rage wahalar neman na sha.

Abin da ya shafi mutanen Nijar

Nijar ba ƙasar kurmi ba ce, kuma tabarma da gadon kara sun fi gadon lilo farin jini a cikinta. Amma tampol, wanda direbobi ke kira bash, abokin aikin kowane ɗan kasuwa ne, kuma halin ruwa ɗaya ne ko'ina. Kamyon da ya ɗauki albasar Galmi ko waken Damagaram ya nufi biranen bakin teku a watan Yuni yana shiga ƙasar ruwa mai yawa. In ba a yi wa lodi doro a tsakiya ba, bash zai yi ciki tsakanin buhuna. In igiyar da ta ɗaure buhuna ta fito waje ta sake komawa ƙarƙashin bash, ita za ta kai ruwa cikin kaya, sai an sauke a tarar da layi guda ya ruɓe, a yi ta gardama tsakanin mai kaya da mai mota.

Haka nan, ambaliyar 2024 ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya a Nijar, kuma iyalai da dama a Maraɗi da Damagaram da Tawa sun yi makonni a ƙarƙashin tampol bayan ɗakunan ƙasa sun rushe. Ma'aikacin da aka ɗora wa rabon kayan agaji zai yi babban taimako in ya haɗa kowane tampol da isasshiyar igiya da ƴan kalmomin bayani: a ba rufi gangara, a juya wa gabas baya domin daga can hadarin Sahel ya fi tasowa da guguwarsa, a ƙulla zaren ɗigo a duk igiyar da ta shigo ciki, a ɗaga makwancin yara daga ƙasa. A guji kuma icce tilo a fili saboda aradu.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma matafiyi kullum a sabon ɗaki yake kwana, ba shi da zarafin koyo sai kafin ruwa ya sauko. Duban rassa, ɗame rufi, ƙulla guntun zare huɗu da gwada su da buta ba su cin fiye da minti goma sha biyar na hasken la'asar. Kowa ya kwana lafiya, shi ya so.